Babi na Shida: Daga Ramin Arlit zuwa Wayar Gazawa

A farkon watan Agusta na 2023, kwanaki kaɗan bayan sojoji sun kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Yamai, Najeriya ta katse wutar lantarkin da take sayar wa Nijar, cikin jerin takunkuman da ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba. Wayar da ke ciyar da tsakiyar ƙasa daga Katsina take tasowa, ta tsallako iyaka ta sauka a Gazawa, kusa da Tasawa, daga can ta rabu, reshe ɗaya ya nufi Maraɗi, ɗaya ya nufi Damagaram. Da aka rufe ta daga can ƙetare, mai walda ya ajiye ƙarfensa, ƙanƙarar mai sayar da ruwan sanyi ta narke, mai cajin salula ya koma neman janareto. Kamfanin NIGELEC ya tayar da injunansa masu shan gazuwal, ya shiga raba wuta unguwa-unguwa, sa'o'i kaɗan nan, sa'o'i kaɗan can. A shekarar da ta gabaci wannan, kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da Nijar ta sha daga Najeriya ta zo. Sai a watan Maris na 2024 aka ba da umarnin mayar da ita.

A ƙauyukan Mayahi da ke bakin Gulbin Kaba, da na arewacin Tasawa wajen Urafan, yawancin gidaje ba su ma ga bambanci ba, domin waya ba ta taɓa isa gare su ba. Cikin ƴan Nijar biyar, da ƙyar ɗaya ke da lantarki a gidansa, a karkara kuwa lissafin ya fi haka muni ƙwarai.

Wannan ita ce ƙasar da ta shafe sama da shekara hamsin tana haƙo yuraniyom. Duk wanda ya ji waɗannan abubuwa biyu a jere, tambaya ɗaya ce ke zuwa bakinsa, kuma ana jin ta a majalisun shayi da gidajen rediyo: yaya ƙasarmu ke haska Faransa mu kuma muna kwana cikin duhu? Tambayar tana kan hanya, kuma zafin da ke cikinta halal ne. Amma amsarta tana buƙatar a san tafiyar da dutsen Arlit ke yi kafin ya zama wuta, don a cikin tafiyar ne iko yake, kuma a cikinta ne manyan ƙasashe ma suka sami kansu a hannun wasu.

Tsofaffin Tasawa da Mayahi sun san farkon labarin ta wata ƙofa. Kafin yuraniyom, gyaɗa ce ke riƙe da Nijar. A shekarun 1950 da 1960 ita ce kan gaba cikin abin da ƙasar ke fitarwa, kuma gonakin Maraɗi da Damagaram ne suka ɗauki nauyin. A 1962 gwamnatin Diori Hamani ta kafa SONARA don ta karɓe cinikin daga hannun kamfanonin Turawa. Manomi ya kai buhunsa sikeli, a auna, a biya shi, ya biya haraji ya sayi turmin atamfa. Mafi yawan gyaɗar ɓararriya take fita, a matse manta a masana'antun Faransa. Fari na farkon shekarun 1970 ya karya noman, cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 ta ƙarasa shi. Daidai lokacin ne ramin farko na Arlit ya soma ba da amfani.

Faransawa sun gano yuraniyom a Azelik a 1957, suna cikin neman tagulla. Aka kafa kamfanin Somaïr a 1968, ya fara fitar da kaya a 1971. Cominak ya biyo baya a Akokan, da raminsa na ƙarƙashin ƙasa, ya fara aiki a 1978. A farkon 1974, da farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabi, Diori ya nemi a sake duba kuɗin da ake biyan Nijar. Ana cikin wannan tattaunawa Seyni Kountché ya kifar da shi ranar 15 ga Afrilu. Har yau masana tarihi na muhawara kan ko akwai alaƙa tsakanin abubuwan biyu. Abin da babu gardama a kai shi ne, kafin shekarun su ƙare yuraniyom ya mamaye kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin da ƙasar ke samu daga waje. Aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit, aka yi manyan gine-gine a Yamai. Aka kuma gina tashar kwal ta SONICHAR a Anu Araren, wadda ta fara ba da wuta a 1981, akasarinta don ma'adinan. A lura da wannan: babbar tashar lantarki da aka gina a arewa don ramuka aka gina ta, manomin kudu kuwa aka jona shi da maƙwabta. Sannan farashi ya faɗi a farkon shekarun 1980, bayan haɗarin tashar Three Mile Island a Amurka ya sanyaya gwiwar masu gina sababbin tashoshi, Nijar ta shiga hannun masu ba da bashi.

To, mene ne ainihin abin da ke fita daga Arlit? A cikin tan guda na dutsen da aka fasa, yuraniyom bai wuce kilo biyu ko uku ba. Ana niƙa dutsen, a jiƙa shi da ruwan asid, a tace, a busar, a sami wani gari mai ruwan ɗorawa, a ɗura shi a durom. Iyakar aikin da ake yi a Nijar ke nan. Shekara da shekaru manyan motoci ke ɗaukar duroman su gangara zuwa tashar jiragen ruwa ta Kwatano, daga can sai Faransa.

Wannan gari ba ya kunna ko ƙwan fitila ɗaya. Matar da ke yin ƙuli-ƙuli a Mayahi ta san cewa wanda ya noma gyaɗa bai mallaki mai ba tukuna: sai an ɓare, an soya, an mirje, an niƙa, an matse, kuma riba tana ƙaruwa ne da kowane hannu da kayan ya bi. Haka yuraniyom yake, sai dai turmi da kaskon wannan sana'a a hannun ƙasashe ƙalilan suke.

Mataki na farko bayan durom shi ne sauya garin. A Malvési, kusa da garin Narbonne, ake wanke shi daga datti a haɗa shi da sinadarin fuloorin, sannan a ƙarasa a Tricastin, inda yake zama wani abu da ke tashi ya koma iska idan ya ɗan ji zafi. Dalilin wannan wahala shi ne, yuraniyom iri biyu ne a cakuɗe. Mai amfanin, wanda ƙwayarsa ke tsagewa ta saki zafi, ana kiransa 235, kuma bai wuce kashi 0.7 cikin ɗari na abin da aka haƙo ba. Sauran kusan duka 238 ne. Yawancin tukwanen nukiliya na duniya suna son mai amfanin ya kai kashi 3 zuwa 5. Babu sinadarin da zai raba su, don halinsu ɗaya ne. Ɗan bambancin nauyi kawai ke tsakaninsu. Saboda haka ake tura iskar cikin dogayen bututu masu juyawa da gudun da ido ba ya bi, dubbai a jere, kowanne ya ɗan ƙara tacewa ya miƙa wa na gaba. Bayan nan ne ake mayar da ita gari, a matse shi ƙananan ƙwayoyi kamar kan ɗan yatsa, a gasa, a jera cikin siraran sanduna na ƙarfe, a ɗaure su dami-dami daidai da ƙirar tukunyar da za ta ci su. A Faransa, a garin Romans ake wannan.

Matakin tacewa shi ne maƙogwaron harkar. Kamfanoni huɗu ne ke riƙe da kusan dukkan kasuwarsa: Rosatom na Rasha, wanda shi kaɗai ke da kimanin kashi 40 cikin ɗari, sai Urenco na Ingila da Holand da Jamus, sai Orano na Faransa, sai kamfanin gwamnatin Sin. Ba tsada kaɗai ta sa suka yi kaɗan ba. Injin da ke tace yuraniyom zuwa kashi 5 shi ne dai, idan aka bar shi yana ta juyawa, zai kai shi kashi 90 na ƙera bam. Shi ya sa ake tsaron fasahar kamar ƙwai, shi ya sa Iran ta shafe sama da shekara ashirin tana kai ruwa rana da manyan ƙasashe. Sunan Nijar ma ya taɓa shiga irin wannan rigima ba da laifinta ba: a 2003, da Amurka ke neman hujjar afka wa Iraƙi, an yi ta yawo da wasu takardu da ke cewa Saddam ya nemi sayen yuraniyom daga Nijar, hukumar nukiliya ta duniya ta bincika ta ce na jabu ne.

Labarin Amurka ya cancanci a tsaya a kansa, don ita ce ta ƙirƙiro wannan masana'anta tun zamanin yaƙin duniya na biyu, kuma ta daɗe tana sayar wa duniya tataccen yuraniyom. A 1993, bayan rugujewar Tarayyar Sobiyet, ta ƙulla yarjejeniya da Rasha: a kwance bama-baman Rasha, a sirka yuraniyom ɗinsu ya sauko daidai na tashar wuta, Amurka ta saya. Cikin shekara ashirin aka narkar da tan 500 na kayan bam ta wannan hanya, har ya zamana kusan kashi goma cikin ɗari na lantarkin Amurka daga tsofaffin makaman abokiyar gabarta yake fitowa. Aiki ne mai kyau, ya rage wa duniya makamai masu yawa. Sai dai kaya mai araha ya kashe na gida. Ramukan Amurka suka rufe ɗaya bayan ɗaya, tsohuwar masana'antar tacewa ta Paducah ta tsaya a 2013, ƙwararru suka yi ritaya ba tare da sun koyar da magada ba. Da Rasha ta shiga Yukiren a 2022, Amurka, mai tukwanen nukiliya sama da 90, ta waiwaya ta ga kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tataccen yuraniyom da take ci daga Rasha yake zuwa. A watan Mayu na 2024 Joe Biden ya sa hannu kan dokar hana shigo da shi, amma dole aka bar ƙofar rangwame har ƙarshen 2027, don babu madadi a ƙasa. Aka ware dala biliyan 2.7 don farfaɗo da tacewa a gida. Wata ƙaramar masana'anta a Piketon ta jihar Ohio ta fara fitar da kaya a ƙarshen 2023, amma da kilo ake auna abin da take samarwa, alhali buƙatar ƙasar da tan ɗari-ɗari ake lissafa ta. Faransa ma, wadda ta rufe ramin yuraniyom ɗinta na ƙarshe a 2001, tana faɗaɗa masana'antar Tricastin da kusan kashi 30, aikin da zai ci yuro biliyan 1.7, kuma ba a sa ran ganin amfaninsa kafin 2028. Ƙasashen da ke da kuɗi da injiniyoyi da tsohon sani, su ma shekaru suke ƙirgawa.

Nijar kuwa ta ɗauki nata matakin. An rufe Cominak ranar 31 ga Maris na 2021, bayan ya fitar da kimanin tan 75,000, ya bar tsibin dusar dutse mai guba wajen tan miliyan ashirin a gefen Akokan, abin da ƙungiyoyin Arlit suka daɗe suna kuka a kai. A watan Yuni na 2024 gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta ƙwace lasisin haƙar yuraniyom a Imuraren daga Orano, wanda aka ba shi tun 2009 ba tare da an fara haƙa ba. Shekara guda bayan haka, a Yunin 2025, ta mayar da Somaïr mallakar ƙasa; kafin nan Orano ke da kashi 63.4, kamfanin gwamnati SOPAMIN ke da sauran. Orano ya kai ƙara kotun sasanci ta ƙasa da ƙasa. A watan Yulin 2025 aka sa hannu kan takardar fahimtar juna da Rosatom, har ana maganar tashar nukiliya a Nijar.

Ina ganin haƙƙin ƙasa ne ta mallaki abin da ke cikin ƙasarta, ta kuma zaɓi wanda za ta sayar wa. Shekara hamsin mai saye ɗaya ne yake da rinjaye a rami, yake kuma da baki a farashi. Babu ɗan kasuwar Maraɗi da zai yarda da irin wannan ciniki a rumfarsa. Amma ya kamata a faɗa wa jama'a gaskiyar iyakar abin da aka samu. A 2022 Nijar ta haƙo kimanin tan 2,000, wajen kashi huɗu cikin ɗari na duniya, yayin da Kazakistan ke fitar da sama da kashi arba'in. Faransa, wadda cikin shekarun baya take samun kusan kashi ɗaya cikin biyar na ɗanyen yuraniyom ɗinta daga Nijar, ta karkata zuwa Kazakistan da Kanada da Uzbekistan, fitilunta ba su mutu ba. Duroman Arlit kuwa, da aka rufe iyaka da Benin, suka taru a fili suna jiran hanya da mai saye. Masu iya karɓar wannan gari su sarrafa shi ba su fi a ƙirga da yatsu ba.

Kazakistan ɗin ce ma ta fi dacewa a duba. Ita ce sarauniyar haƙo yuraniyom a duniya, amma tun 1999 ba ta da tashar nukiliya ko ɗaya mai ba da wuta. Abin da ta yi shi ne hawa mataki-mataki: ta riƙe hannun jari mai ƙarfi a ramukanta, ta sayar wa Sin da Rasha da Turai da Amurka lokaci guda don kada wani ya shaƙe ta, sannan a 2021 ta buɗe masana'antar ɗaura sandunan makamashi a Ulba tare da Sinawa. Duk da haka tacewar a waje ake yi mata. Sai a 2024 ta yi ƙuri'ar raba gardama kan gina tashar farko. A Afirka baki ɗaya tashar Koeberg ta Afirka ta Kudu ce kaɗai ke aiki, tun 1984, ita ma tataccen kayanta sayowa take yi. Wadda Rasha ke gina wa Masar a El Dabaa, Rasha ce za ta riƙa ciyar da ita. Har ƴar ƙaramar tukunyar bincike da ke Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, mai ƙarfin kilowat 30, wadda ta fara aiki a 2004, Sinawa ne suka kawo ta da abincinta, kuma a 2018, da aka sauya mata makamashi zuwa marar haɗarin bam, tsohon Sin aka mayar wa. Idan gobe aka kafa tashar nukiliya a bakin kogin Kwara, to ko da dutsen daga Arlit ya fito, sai ya je wata ƙasa an tace shi ya dawo, kuma duk shekara ɗaya ko ɗaya da rabi sai an sake jiran wannan kaya. Ga kuma girma: tukunya ɗaya irin ta El Dabaa tana ba da megawat 1,200, ninkin-ba-ninkin abin da Nijar duka ke sha a yau, kuma wayoyin da za su ɗauki wannan nauyi babu su.

A nan ne nake son mai karatu ya tuna da wani ɗan Tasawa. An haifi Abdou Moumouni Dioffo a garin ranar 26 ga Yuni na 1929. Ya yi karatun kimiyyar lissafi a Faransa har ya kai matsayin da kafin shi babu ɗan yankinmu da ya taka, ya tafi Tarayyar Sobiyet ya ƙware kan makamashin rana, ya jagoranci ɗakin bincike a Bamako, sannan a 1969 ya dawo gida ya karɓi ragamar ONERSOL, ofishin makamashin rana na Nijar. Wato daidai lokacin da ake tona ramin farko a Arlit, shi yana Yamai yana ƙera tukwanen ɗumama ruwa da murhun girki da na'urorin tace ruwa masu aiki da rana, da hannun ma'aikatan gida. Tunaninsa a sarari yake: ƙasar da rana ke dukanta kusan kowace rana ta shekara, ya kamata ta koyi ƙera abin da zai kama wannan zafi, ta horar da yaranta su iya gyara shi. Ya rasu ranar 7 ga Afrilu na 1991, kuma jami'ar Yamai sunansa take ɗauke da shi. Kuɗin yuraniyom ya zo ya wuce a zamaninsa ba tare da an zuba wa wannan aiki abin da ya cancanta ba, kuma ina ɗaukar wannan cikin manyan asarorin da ƙasar ta yi.

Ba na cewa rana ta kuɓuta daga dogaro da waje. Farantan da ake gani yau a kan rumfunan cajin salula da rijiyoyin burtsatse na Kanambakashe da Korgom kusan duka daga Sin suke zuwa, batura kuma zafin bazara yana kashe su da wuri. Bambancin shi ne, faranti sau ɗaya ake sayensa ya yi shekara ashirin ko fiye yana aiki, kuma babu wata gwamnati da za ta zauna a taro ta yanke shawarar katse masa abinci. Ana iya kafa shi a ƙauyen da waya ba za ta isa ba nan da shekara goma. An ga somin-taɓi: megawat 7 a Malbaza a 2018, megawat 30 a Gorou Banda kusa da Yamai a 2023, wanda ya rage wa babban birni raɗaɗin watannin takunkumi. Madatsar Kandaji, mai megawat 130, tun 2008 aka aza tubalinta, har yanzu ana jira. Matatar SORAZ ta Damagaram, da ta fara aiki a 2011 da ganga 20,000 a rana, ta nuna cewa sarrafa ɗanyen kaya a gida abu ne mai yiwuwa, kuma gazuwal ɗinta ne ya riƙe injunan NIGELEC lokacin da waya ta mutu.

Saboda haka tambayoyin da ya kamata wakilan Tasawa da Mayahi, da sarakunansu da ƙungiyoyin manomansu, su riƙa yi wa Yamai ba masu wuya ba ne. Nawa aka sayar da durom ɗin bana, kuma wa ya saya? A wace takarda jama'a za su karanta yarjejeniyar? Kashi nawa na kuɗin aka keɓe don tashar rana a yankin Gazawa, wadda za ta riƙe Maraɗi da Tasawa da rana tsaka ko da wayar Katsina ta sake yin shiru? Ɗalibai nawa aka tura su koyi haɗa sinadarai da lantarki da auna gubar ma'adinai, kuma wane aiki ke jiransu idan sun dawo? Wa zai ɗauki nauyin rufe tsibin Akokan da kula da lafiyar tsofaffin ma'aikata, waɗanda da yawansu ƴan kudu ne da suka je ci-rani suka zauna? Dokar ma'adinai ta Nijar ta tanadi kashi 15 cikin ɗari na kuɗin haƙa ga ƙananan hukumomin yankin da aka yi haƙar, kuma mutanen Agadas sun sha kokawa cewa kuɗin ba ya isowa a kan lokaci. A babi na gaba za mu bi sawun wannan kashi 15 ɗin, daga baitulmali zuwa asusun magajin gari.